Wata goma sha huɗu muna maganin basir

Maigidana ya rasu a farkon watan Disamba na 2023, yana da shekara 39. Ciwon dajin hanji ne ya zama ajalinsa. Tun da na fita takaba, mata uku suka zo har gida suna tambayata yadda abin ya faro, da inda muka je, da abin da muka kashe, domin kowacce tana da wani a gida da yake ganin jini a bayan gida. Duk sanda na ɗauko labarin kuka yake katse ni kafin in kai ƙarshe. Shi ya sa na zauna na rubuta shi daki-daki, ko Allah zai sa wani ya yanke hanyar da mu muka yi ta zagayawa.

Yadi yake sayarwa a Kantin Kwari, ni kuma ina koyarwa a wata firamare mai zaman kanta. Yaranmu uku. Wajen watan Oktoba na 2021 na fara lura yana daɗewa a banɗaki, ya fito, jim kaɗan ya sake ɗaukar buta kamar bai gama ba. Bai ce mini komai ba, sai ranar da nake wanki na ga ɗigon jini a gajeren wandonsa. Da na yi masa magana ya ce, "Basir ne, zaman shago ne ya jawo. Wa ye ba shi da shi?" Na yarda, domin nima abin da na taso ina ji ke nan. Kowa ya san yadda ake tallar maganin basir a garin nan: mota da lasifika a bakin kasuwa da tasha, ana lissafa mai tsiro, mai jini, mai sa kasala, mai ciwon baya, har mutum ya rasa ciwon da ba basir ba. Ya sha na jarka, ya sha na gari a kunu, ya zauna a ruwan ɗumi. Hajiyarsa ta aiko da sassaƙe daga ƙauye. Jinin yakan ɗauke sati biyu, mu ce an dace, sai kuma ya dawo. Sai daga baya muka ji daga bakin likita cewa haka ƙari yake yi a hanji, ya zubar da jini ya tsaya ya sake, ko an sha magani ko ba a sha ba.

A azumin 2022 ya fara zama yana sallar tarawihi, muka ɗora wa azumi da zafin Afrilu. Bayan salla kasalar ba ta sake shi ba, ga murɗawar ciki ta gefen hagu, wani lokaci gudawa, wani lokaci ya kwana uku bai zaga ba. A watan Yuni ya je wani ƙaramin asibitin kuɗi a unguwarmu. Kati naira 2,000, awon jini da magani wajen naira 18,000. Aka ce taifot ne da ulsa, kuma jininsa ya yi ƙasa, aka ba shi ƙwayoyin ƙarin jini. Ban shiga ɗakin likitan tare da shi ba, ina zaune a benci a waje, kuma wannan yana cikin abubuwan da suke hana ni barci. Da muka dawo na tambaye shi ko ya faɗi maganar jinin, ya ce ba a tambaye shi ba, ga kuma wata yarinya nas a tsaye a kansa, ta ina zai fara? Ƙwayoyin nan suna mayar da bayan gida baƙi, sai jinin ya ƙara ɓuya, muka ɗauka sauƙi ne. Abin da ban sani ba a lokacin: namiji ba ya al'ada, ba ya haihuwa, don haka in an ce jininsa ya yi ƙasa, dole a nemo ta inda yake zuba kafin a ce a sha ƙwaya.

A watan Nuwamba jiri ya kayar da shi a masallaci ana sallar magariba, maƙwabta suka riƙo shi zuwa gida. Ina shafa masa ruwa na ga agogonsa, wanda da yake kama masa hannu tam, yana sulluɓowa har bayan tafinsa. Washegari ƙarfe shida na safe muna babban asibitin gwamnati, muka yanki kati, muka bi layi, ba mu ga likita ba sai bayan azahar. Wannan karon na bi shi ciki. Da ya fara kewaye-kewaye da zancen ulsa, na ce, "Likita, shekara guda ke nan yana bayan gida da jini." Ya juyo ya kalle ni, kallon da bai taɓa yi mini ba a gaban mutane. Likitan dattijo ne, ya ajiye biro ya ce, "Alhaji, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Hau gadon can." Ya ja labule, ya sa safar hannu ya duba shi da yatsa, abin da bai kai minti biyu ba. Ya ce basir ɗin yana nan, ɗan ƙarami, amma basir ba ya cinye wa mutum kilo 11. Jinin basir ja ne jawur, yana ɗiga bayan an gama, nasa kuwa a cakuɗe yake da bahaya da majina, alamar daga sama yake gangarowa. Ya ce yatsa iyakarsa bakin hanya, babban hanji kuwa ya kai mita ɗaya da rabi, sai an zura na'ura mai kyamara an leƙa. Ya rubuta mana takardar tura mara lafiya zuwa asibitin koyarwa.

Takardar nan ta yi sati uku a aljihun rigarsa. Yayansa ya ce kada mu kuskura mu bari a taɓa shi da wuƙa, ga kuma cinikin ƙarshen shekara. Sai tsakiyar Disamba muka je. Ga wanda bai taɓa zuwa ba: da takardar turawa ake fara zuwa ofishin buɗe fayil, a ba ka takardar biya, ka je wurin biya, ka dawo da rasiti, sannan a ba ka kati da ranar ganin likitocin tiyata, kuma ba kullum suke zama ba, suna da ranarsu a mako. Mu ranar farko ta tafi a buɗe fayil kawai. Ku sami jaka guda ku riƙa tara kowace takarda da kowane rasiti, ku kuma ɗauki hotonsu a waya, domin sau biyu ana neman fayil ɗinmu a rasa, hotunan wayata ne suka cece mu. Ranar ganin likita wata matashiya ce ta karɓe mu, ta yi tambayoyi sun fi ashirin. A ciki har da wadda ta sa muka kalli juna: akwai wanda ya taɓa irin wannan ciwo a danginku? Mahaifinsa ya rasu bai kai sittin ba, da ciwon ciki da kumburi da rama, ba a taɓa kai shi asibiti ba, a ƙauye aka ce sammu ne. Ta rubuta wannan ta ja masa layi biyu.

Ranar da aka ba mu ta leƙa hanji, wato kolonoskofi, sai bayan wata biyu. Muka nemi wata cibiya mai zaman kanta, aka yi a farkon Janairun 2023 a kan naira 85,000. Wahalar tana cikin shirin. Kwana biyu kafin ranar aka hana shi ganye da wake da duk abinci mai dusa, ana gobe kuma sai ruwa da shayi ba madara da romo tatacce. Da yamma ya sha maganin wanke ciki mai yawa, ya kwana yana zarya banɗaki har abin da yake fita ya koma ruwa zalla. In hanjin bai wanku ba kyamara ba ta ganin komai, kuɗi sun tafi a banza, don haka kada a yi wasa da wannan. Shi kansa awon bai wuce minti arba'in ba, an yi masa allurar da ta sa shi gyangyaɗi, ya ce bai ji wani zafi ba. Dole a zo da wanda zai mayar da mutum gida. Likitan ya kira ni ni kaɗai ya nuna mini hoto: hanya mai santsi ruwan hoda, sai can wani abu kamar ruɓaɓɓen nama ya kusa toshe ta, yana tsattsafo da jini. Ya miƙo mini 'yar kwalba da ɗan ruwa a ciki da gutsattsarin nama kamar ƙwayar gero, ya ce in kai ɗakin awon nama. A adaidaita sahu na riƙe kwalbar nan da hannu biyu a cikin hijabi har muka isa. Naira 20,000, aka ce mu dawo bayan sati uku.

Sakamakon ya fito a Fabrairu, daidai lokacin da canjin kuɗi ya sa takardar naira ta yi ɓatan dabo. Na yi awa biyu a wurin mai POS ina jiran tiransifa ta shiga don in biya kuɗin hoton siti sikan, naira 70,000, bayan awon ƙoda da ake yi kafin a sa ruwan hoton a jijiya, da wani awon jini da ake kira CEA. Da komai ya haɗu, babban likitan ya zaunar da mu. Yayansa ya riga ya ja ni gefe ya ce kada a gaya masa, zai karaya. Shi kuwa da kansa ya ce, "Likita, ka faɗa mini gaskiya, ina da iyali da bashin mutane a kaina." Likitan ya zana hanji a bayan takarda. Ya ce ciwon hawa huɗu ne: na ɗaya da na biyu yana jikin bangon hanji, na uku ya shiga kaluluwar da ke kewaye, na huɗu ya tsallaka wata gaɓa. Nasa ya kai hanta, a wurare da dama. Ya ce za a yi magani don a ja lokaci a rage wahala, amma bai yi mana alkawarin warkewa ba. Na tambaye shi, da mun zo tun ranar da na ga jinin fa? Ya yi shiru kaɗan, ya ce a ƙasashen da ake kama shi yana bangon hanji, kusan tara cikin goma suna kaiwa shekara biyar da rai, in ya yi nisa kuwa ba su kai biyu cikin goma ba. Maigidana ya ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," ya kama hannuna a gaban likita, abin da bai taɓa yi ba a bainar jama'a.

Kafin ranar da aka sa ta tiyata ta zo, saura mako guda a fara azumi, cikinsa ya kumbura kamar ganga, ba bayan gida, ba tusa, sai amai kore. Ƙarin ya toshe hanyar gaba ɗaya. Ƙarfe biyu na dare muka shiga sashen gaggawa. Aka ba ni dogon jerin kayan da zan sayo, aka ce a tanadi jini leda uku, kuma sai mun kawo masu bayarwa. Yaran shagonsa da wani maƙwabcinmu mai gyaran babur ne suka bayar, Allah ya saka musu da alheri. Duk wanda yake da mara lafiya irin wannan ya san rukunin jininsa, ya kuma tanadi mutanensa tun kafin daren ya zo. Aka yanke ɓangaren hanjin da ƙarin yake, aka fito da bakin hanjin ta gefen hagu na cikinsa, aka manna jaka. Tiyata da magani da kwana 12 a gado sun ci wajen naira 600,000.

Jakar nan ta fi tiyatar karya masa zuciya. Wata nas mai haƙuri ta koya mini yadda ake yi: a wanke gefen da ruwan ɗumi, a bari ya bushe sarai, a auna bakin hanjin, a yanke ramin jakar da almakashi daidai da shi, domin in ya yi faɗi bahaya yana cin fata ta yi ja ta saɓule. Hannuna yana rawa a karon farko, shi kuma ya juya fuska bango. Ya daina zuwa masallaci, ya ce ba shi da tsarki. Na je wurin malamin unguwarmu na yi masa bayani ba ɓoye-ɓoye. Malam ya zo har ɗaki ya ce masa hukuncinsa irin na mai yoyon fitsari ne, ya zubar da abin da ke jakar, ya yi alwala, ya yi sallarsa, Allah bai ɗora wa rai abin da ba za ta iya ba. Juma'ar da ta biyo baya ya sa babbar riga ya tafi, ya tsaya a sahun baya. Ranar ya ci abinci sosai.

Aka fara kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin daji, a watan Mayu, duk bayan sati uku. Ana gobe a yi awon jini, in ƙwayoyin jini sun yi ƙasa a ɗaga ranar. Ranar kanta a sa masa ruwan magani a jijiya na wasu awoyi, sannan ya sha ƙwayoyi safe da yamma kwana 14, ya huta kwana 7. Zagayen farko naira 140,000, bayan darajar naira ta faɗi a watan Yuni ya haura 200,000. Ba mu da inshorar lafiya, ba mu taɓa tunaninta ba muna lafiya. Muka sayar da filinsa, na sayar da 'yan kunnena na gwal. Gashinsa bai zube ba kamar yadda muka zata. Abin da maganin jijiyar ya yi masa shi ne ƙin sanyi: a zafin Kano na watan Mayu, mutumin da ba ya rabuwa da ruwan randa ya koma shan ruwan ɗumi, domin in ya kurɓi mai sanyi sai ya ji maƙogwaronsa ya shaƙe, in ya taɓa ƙofar firji yatsunsa su yi kamar lantarki ya ja shi. Ya yi zagaye shida. Akwai watanni biyu a tsakiya da ya ji ƙarfi har ya riƙa leƙa kasuwa yana warware bashi, yana rubuta wanda yake bi da wanda ke bin sa.

Hoton Oktoba ya nuna na hantar sun ƙaru. Idanunsa suka yi ɗorawa, ƙafafu suka kumbura. Aka tura mu wurin masu kula da rage raɗaɗi, suka rubuta masa mofin na ruwa, wani maganin kashe zafi mai ƙarfi. Sati biyu na ƙi ba shi, saboda an ce mini in an fara shi an sallama mutum ke nan. Ya yi sati biyun nan yana cizon filo. Ranar da na ba shi, ya yi barcin awa biyar, ya tashi ya kira yaran ɗaya bayan ɗaya ya yi musu magana. Kada kowa ya maimaita kuskurena, maganin ba ya jawo ajali in an bi awon da likita ya rubuta. Ya cika a gida, da asubar wata Juma'a, kansa a cinyata, Hajiya tana laƙƙana masa kalmar shahada.

Na yi imani kwanansa ne ya ƙare, ko a ina aka kai shi ba zai ƙara daƙiƙa ba. Amma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta, kuma mu wata 14 muka yi muna neman maganin cutar da ba ita ce take cinsa ba. A zaman takaba na yi ta karatu a waya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wannan ciwo shi ne na uku a yawa cikin cututtukan daji, na biyu a kisa: a 2020 kaɗai ya kama mutum sama da miliyan 1.9, ya kashe sama da 930,000. Da ana ɗaukarsa ciwon tsofaffi, yanzu yana ƙaruwa a cikin 'yan ƙasa da hamsin, har Amurka ta rage shekarun fara awo daga 50 zuwa 45 a 2021. Ɗan wasan nan nasu Chadwick Boseman da shi ya mutu a 2020 yana da shekara 43, da duk kuɗinsa. A Ingila har gida ake aika wa manya 'yar kwalbar awon bahaya ta gidan waya. Mu nan ba mai aiko maka, sai ka tashi ka nema.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yawancin wannan ciwo yana farawa ne da ɗan tsiro a cikin hanji wanda ba ya ciwo, ba ya komai, kuma yakan ɗauki wajen shekara goma kafin ya rikiɗe. In an gan shi lokacin leƙa hanji, a nan take ake tsinke shi, mutum ya koma gida ranar. Mai shekara 45 da ba ya jin komai zai iya fara da awon bahaya da ake kira FIT, mai gano jinin da ido ba ya gani, duk shekara, ko ya yi kolonoskofi, in an ga lafiya sai bayan shekara goma. Wanda kuwa yake ganin jini, ko bayan gidansa ya canza ya wuce 'yan makonni, ko yana rama ba dalili, ko an ce jininsa ya yi ƙasa, shi ba ruwansa da lissafin shekaru, ko ashirin yake ya je. Ya faɗi maganar da bakinsa ko ba a tambaye shi ba. In an ce basir ne, ya tambaya: an duba, ko daga baki aka yanke? Mace ta shiga ɗakin likita da mijinta, ko zai yi fushi. Fushin nawa mijin kwana ɗaya ya yi.

Sai dangi. Likitar nan da ta ja layi biyu ta gaya mana cewa iyaye da 'yan'uwa da 'ya'yan wanda ya kamu su fara leƙa hanji a shekara 40, ko shekara goma kafin shekarun da aka gano nasa, duk wanda ya riga zuwa. An gano nasa yana 38, ke nan nasu daga 28 ne. Ta kuma ce akwai nau'in da ake gado, ana kiransa Lynch, wanda kowane ɗa yake da rabi da rabi na ɗauka, kuma in shi ne, tun daga 20 zuwa 25 ake farawa. Babbar 'yarmu shekararta 12 yanzu. Na ajiye mata jakar takardun babanta gaba ɗaya, na rubuta a bangon fayil ɗin cewa ta kai wa likita ranar da ta cika ashirin.

Ƙaninsa, mai shekara 34, ya ji maganata ya je bayan ƙaramar sallar 2024, ba ya jin ciwon komai. An sami tsiro biyu, an cire, an ce ya dawo bayan shekara uku. Da ya fito ya zo gidan nan ya zauna a tabarmar yayansa ya yi kuka. Ƙanwarsu ta karɓi rana. Saura Yaya, mai shekara 47, wanda ya ce shi ba mai zura masa wani abu yana raye. Na tura masa Malam, na tura masa Hajiya. Ranar Asabar zan sake komawa gidansa da kaina, da hoton hanjin ƙaninsa da ya rasu da na ƙaninsa da yake raye, in ajiye masa su a gabansa.